Hausar Samanja ba abin gori ba ce

Tun jiya guntun bidiyon nan na marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, yake yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan New Bell da na Sodiko, kuma kusan duk wanda ya tura shi sai ya jera masa fuskokin dariya, ya rubuta a ƙasa wai ga inda mutanen Duwala suka koyi Hausa. Na san wasu da wasa suke yi. Amma wasan ya daɗe, kuma masu bibiyata a nan sun san ba yau na fara ƙorafi a kan ɗabi'ar nan ta mayar da sunan Samanja abin gori ga duk wanda harshensa ya karkace ba. Bawan Allahn nan ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023 yana da shekara 81, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Magana ɗaya nake da ita, zan kuma yi ta nanata ta har ku gaji da ni: Hausar da kuke ji a bakin Samanja ƙera ta aka yi da gangan, sana'a ce, kuma rashin gane haka ne ya sa muka yi dariya shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar wane ne ya yi aikin ba.

An haife shi a 1942 a Pategi, ƙasar Nufe a bakin kogin Kwara, ɗan gidan sarauta ne. Ya yi aikin soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna, inda wasan Samanja Mazan Fama ya yi suna kafin ya hau talabijin. Wato mutumin ya sa kaki da gaske, ya tsaya a fareti, ya ji yadda saje yake daka wa kurtu tsawa, ya san gadirum da gwale-gwale da rigimar matan kwata a bakin famfo. Abin da ya kwaso daga bariki shi ya tace ya kawo mana. Kuma yaren da ya kwaso yana da tarihinsa tun kafin a haife shi. Tun 1863 da wani Bature mai suna Glover ya tara rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas, Hausa ta zama harshen da sojan Turawan Ingila yake magana da shi a wannan yanki, har Bature hafsa ma sai ya koye ta. Tibi da Bachama da Angas da Babarbare da Bazabarme duk a bariki ɗaya, dole su sami abin da za su fahimci juna da shi, sai aka sami barikanci: ba ruwansa da bambanta mace da namiji, ƙa da ka duk ɗaya ne, umarni kuma da Turancin da aka tauna. Mu a nan ya kamata mu fi kowa sanin wannan, domin a Satumba 1914, lokacin da Ingila da Faransa suka ƙwace Duwala daga hannun Jamus, cikin sojojin da suka sauka a bakin kogin Wuri akwai na Nijeriya, kuma da wannan Hausar suke magana. Jamusawan da aka kora ma sun ɗauki Hausawa a aikin ɗan sanda da soja. Barikanci ya taka ƙasar nan a shekarar da ake korar mutane daga bakin ruwa ana tura su New Bell.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a ƙasan rubutu. Za a ce ai Banufe ne, yadda bakinsa yake ke nan, ba wani ƙira. To duk mai wannan magana ya nemi hirarrakin da aka yi da shi bayan ya tsufa ya saurara. Dattijo zai ji mai magana a natse, da Hausar mutumin da ya shekara aru-aru a Kaduna yana aikin rediyo. A cikin wasan kansa ma, wanda ya kasa kunne zai ji yana sauya murya: yadda yake yi wa kurata daban, yadda yake ƙanƙan da kai gaban hafsa daban, yadda yake magana a cikin gida daban, yana tsallakawa daga Hausa zuwa Turancin soja ya dawo a cikin numfashi ɗaya. Wanda bai mallaki harshe ba yana yin kuskure ne inda kuskuren ya same shi. Samanja yana ajiye nasa ne daidai inda zai sa a fashe da dariya, ya kuma ɗauke shi inda yake so a ji nauyin magana. Wannan sai gwani. Graham Furniss na Jami'ar Landan, a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, ya ba wasan nan wuri ya yi nazarinsa kamar yadda ake nazarin waƙa da ƙagaggen labari, mu kuwa masu abin muna nan muna tura shi da fuskar dariya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan Duwala ne ke wannan kuskure, alhali muna da misalinsa a gida. Wa bai san Jean Miché Kankan ba? Har yau direban tasi yana sa shi a mota, har yau yara suna kwaikwayon Faransancinsa na ɗan kasuwar Bamileke mai taurin kai da rigima da 'yan sanda. Kuma kowa ya san Dieudonné Afana, mai wannan suna, malamin makaranta ne, ba Bamileke ba ne, Faransancinsa na gaske kuma tsaf yake. Ya rasu a 1997, kuma ban taɓa jin ɗan Kamaru ya ce Kankan bai iya Faransanci ba. Ana cewa ya iya wasa. To me ya sa idan aka zo kan namu sai mu ce bakinsa ne haka? Ina ganin amsar ba ta da daɗi. Mun yarda cewa abin da aka yi da Faransanci fasaha ce, abin da aka yi da Hausa kuwa shirme ne da kowa zai iya in ya ga dama.

Akwai masu wani ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Suna cewa ko da gangan ne, ai ba'a ce ake yi wa waɗanda ba Hausawa ba, an mayar da harshensu abin dariya a gidan rediyon gwamnati. Da Samanja wawa ne a cikin wasan, da na yarda. Amma shi ne mai igiya a hannu, shi ake kawo wa ƙara, shi ke tsakanin hafsoshi da ƙananan soja yana ɗaukar zafin kowane ɓangare, kuma sau da yawa gaskiyar da ke cikin shirin daga bakinsa take fitowa. Mai sauraro yana dariyar lafazin, yana kuma bin bayan mutumin. A shekarun 1970 da 1980, da mafi yawansu soja ke mulkin Nijeriya, farar hula yana ganin kaki gabansa ya faɗi. Sai ga wani yana shigo da bariki cikin ɗakin kowa duk mako, yana nuna soja da bashinsa da rigimar gidansa da tsoron na gaba da shi. Ba ƙaramin abu ba ne a sa talaka ya yi dariyar soja soja kuma ya taya shi. Ba'ar da nake gani ta gaske ita ce wadda ake yi yanzu, da ake ɗaukar sunansa a jefi yaron New Bell da ya ce "ya zo" yana nufin yayarsa. Yaron nan yana Faransanci a makaranta, Fulatanci da maƙwabta, Turancin Buroka a kasuwa, Hausa a gida da masallaci. A garin da ake kiran duk Musulmin arewa Bahaushe, ko Bafulatani ne ko Kotoko ko Shuwa, Hausar da ta ɗauki kowa dole ta ɗan lanƙwasa. A gyara wa yaro nahawu, ban hana ba, ni ma ina so a gyara. Gori ne ba ya gyara komai, sai dai ya sa yaron ya koma Faransanci gaba ɗaya ya huta da ku.

Kada kuma a ɗauka wannan magana ce ta lafazi kawai, domin tana da farashi. Wanda ba a yarda aiki yake yi ba, ba a biyansa kuɗin aiki. Irin su Samanja ba su ne jaruman da ake liƙa hotonsu a bangon shago ba. Su ne uban yarinya, mai unguwa, boka, ɗan doka, maigadi, mutanen da in babu su labari ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Kasimu Yero, da ya rasu a Kaduna a Satumba 2017, ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci, 'yan kudancin Nijeriya sun san shi da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn, amma yaran yanzu nawa ne za su gane hotonsa? Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya rasu a Jos a 2025, bayan ya makance, bayan sai da aka yi ta neman masa taimako a kafafen sada zumunta kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya share masa hawaye. A Fabrairu 2022 Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa biyar a fim, aka yi ta cacar baki mako guda, masu shirya fim suka kare kansu, aka wuce wurin. Ban ce kowa azzalumi ne a masana'antar ba, kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha ta cinye riba, na san duk wannan. Amma a ƙarƙashin lissafin akwai tunanin nan dai, cewa tsohon da ya zo ya yi fitowa biyu ya sa aka yi dariya halinsa ne ya nuna, don haka kuɗin mota ya ishe shi. Mu masu kallo ma tunaninmu ke nan, shi ya sa ba ma riƙe sunayensu na yanka. Da yawa daga masu tura bidiyon jiya ba su san sunansa Usman ba.

Ga malamaina da za su rubuta cewa wasan kwaikwayo lagawu ne, mamaci addu'a yake bukata ba yabo ba: Allah ya saka da alheri, addu'a kam ita ce gaba, kuma da ita na fara. Amma an umarce mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma ban san alherin da za a ambata wa ma'aikaci ba in an cire aikinsa. Mutum ya ciyar da iyalinsa da wannan sana'a, ya yi wa sojoji da farar hula nasiha da ita a kan cin amana da shaye-shaye da zaluntar na ƙasa. In kuna da hujjar haramcin wasa, wannan muhawara ce daban, a yi ta da ilimi. Abin da ba zan karɓa ba shi ne mutum ya kalla ya ƙyaƙyata ya tura wa zaure goma, sannan in an ce a girmama mai aikin ya tuna cewa lagawu ne. Ga masu cewa me ya shafi ɗan Kamaru da ɗan wasan Nijeriya kuma, ku tambayi iyayenku. Talabijin bai zo ƙasar nan ba sai 1985. Kafin nan, da ma bayan nan, rediyon Kaduna a gajeren zango shi ne abokin hirar mahauta da masu goro da teloli daga Marwa har New Bell, ana murɗa akwati ana neman tashar cikin ƙara. Ba a taɓa tambayar Samanja fasfo ba kafin ya shigo gidajen nan.

Ɗan abin da na sani na amfani shi ne wannan. Abin da ake samu na wasanninsa a intanet guntaye ne, hoto ya dushe, murya tana rawa, yawanci daga kaset ɗin da wani ya naɗa a gida. A gidajen New Bell da Bonaberi akwai irin waɗannan kaset na bidiyo da na rediyo da fatake suka riƙa sarowa daga Kano da Yola, suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gado. Garin da ruwan sama yake wuce milimita 3,500 a shekara ba ya barin kaset ya tsufa lafiya. In kun ga farin fumfuna a jikin zaren ta tagar kaset ɗin, kada ku sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya kuma tsinke. A fitar da su daga kwalin, a jera su a tsaye a wuri mai iska nesa da bango da lasifika, waɗanda suke da tsabta a kai wa masu ɗaukar bidiyon biki, da yawansu suna da 'yar na'urar da ke juye kaset zuwa kwamfuta, in an samu tsohuwar bidiyo mai aiki. Wanda ya juye ya ɗora, don Allah ya rubuta sunan shirin, da tashar da ta yi shi, da sunayen 'yan wasan da ya gane, na wasa da na yanka. Wanda bai gane ba ya tambayi dattawan da ke zama a ƙofar babban masallacin New Bell bayan la'asar, akwai waɗanda za su ba shi labari.