Mabuɗi a cikin rijiya

Yara, waya ba ta tsufa a hannun mutum guda. Babban wa ya saye ta sabuwa a Yamai, ya riƙe ta shekara biyu, ya ba ƙanensa. Ƙanen ya kai ta kasuwar Maradi ya sayar, don ya cika kuɗin babur. Wanda ya saya kuma ya aika wa tsohuwarsa a ƙauye. Duk ran da waya za ta sake hannu, akwai aikin da ya kamata a yi mata. Masu gyara suna kiransa formate. Ma'anarsa a mayar da waya yadda take ran da ta fito daga masana'anta: ba lambar kowa, ba hoto, ba saƙo.

Ni ba mai gyaran waya ba ne. Amma da yake ina karanta faransanci, maƙwabta sukan kawo mini wayoyinsu in karanta musu abin da suka rubuta. Da haka na san kaɗan daga cikin halin waya, da na ƙanwarta mai faɗin fuska da ake kira tabalet, don cikinsu ɗaya ne.

Mutane da yawa suna zaton formate kamar goge allo ne. Kun yi lissafi da alli, kun sa tsumma kun goge, shi ke nan. A wayoyin farko abin ba haka yake ba. Ku ɗauki misalin ɗan kasuwa mai ɗakin ajiya. Buhuna suna jibge a ciki, shi kuma yana da littafin da ya rubuta: buhun wane yana kusurwar gabas, na wance yana bayan ƙofa. In aka yaga littafin, buhunan sun tafi? Suna nan inda suke. Sai ran da aka kawo sabon kaya aka fitar da su. To, tsofaffin wayoyi littafin kawai suke yagawa. Wayar ta ce maka ba komi, alhali hotunanka suna kwance a cikinta, suna jiran wanda ya iya lalube.

An gwada an gani. A 2014 wani kamfanin ƙasar Cek mai suna Avast ya sayi wayoyin hannu 20 da masu su suka goge kafin su sayar. Ma'aikatansa suka tono hotuna fiye da dubu 40 daga cikinsu. A 2015 kuma masana biyu na jami'ar Kambirij ta Ingila, Laurent Simon da Ross Anderson, suka sayi wayoyi 21 na kamfanoni 5, dukansu masu tsohon tsarin Android. Suka yi musu formate, sa'an nan suka bincika. Suka iske saƙonni da hotuna da lambobin mutane ba su tafi duka ba.

Maganin da aka samo shi ne rubutun sirri. Kun iya zaurance, ko? Ku biyu kuna magana a gaban ƙanenku, yana jin sauti amma bai san abin da kuke faɗi ba. Ana yin irinsa a rubuce. Mu shirya tsakaninmu cewa R ita ce 4, A ita ce 9, N ita ce 2. In na rubuta 4929 a allo, ku kun san RANA na rubuta. Baƙon da ya shigo aji lambobi kawai zai gani. Wannan shirin da muka yi tsakaninmu shi ne mabuɗi.

Haka wayar zamani take yi da duk abin da aka zuba mata. Hoto ne, murya ce, saƙo ne, sai ta hargitsa shi kafin ta ajiye. Sai dai mabuɗinta ba irin namu ba ne da yaro mai wayo zai gano kafin a tashi shan iska. Lamba ce doguwa, wadda in aka rubuta ta da alƙaluman lissafi za su wuce 70. Ko mai wayar bai san ta ba. Tana ɓoye cikin wani ɗan guntun ƙarfe a cikin wayar, kamar a ƙaramin akwati. Lambar sirrin da kake dannawa, wadda muke ce wa kod, ita ke buɗe akwatin. Kamfanin Apple ya ɗaure yawancin kayan iPhone da kod ɗin mai ita tun 2014. Google ya fara wajabta kullewa a wayoyin Android masu ƙarfi a 2015, ya kuma faɗaɗa dokar a 2019, da fitowar Android 10. Yau in ka sayi sabuwar Tecno ko Infinix ko Samsung mai tsarin Android na yanzu, a kulle take zuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wani zai ce, ai sai in yi ta gwada kod har in dace. Ku lissafa. Kod mai lamba 4 yana da fuska dubu 10, daga 0000 zuwa 9999. Mai lamba 6 yana da fuska miliyan guda. Kuma wayar ba ta barinka ka yi ta dannawa. In ka yi kuskure sau biyar sai ta sa ka jira, in ka ƙara ta ƙara maka jiran. A iPhone har akwai wurin da mai ita zai umurce ta ta goge kanta bayan kuskure 10. A 2016 hukumar ƴan sandan ciki ta Amurka, FBI, ta kai Apple gaban alƙali a kan wata iPhone guda da ta kasa buɗewa. Apple ya ƙi taimakawa. Sai da hukumar ta biya waɗansu gwanaye na waje kafin wayar ta buɗu.

Yanzu me ke faruwa in aka yi wa irin wannan waya formate? Ba ta tsayawa fitar da buhuna ɗaya ɗaya. Mabuɗin take hallakawa, ta ƙera sabo. Kamar mutum ne ya kulle ɗakin ƙarfe marar taga, ya jefa mabuɗin cikin rijiya mai gaba sittin, aka kuma cike rijiyar da ƙasa. Ko da wani abu ya saura a ɗakin, ya zama tarkacen lambobi da ba mai iya karantawa. Shi ya sa aikin ba ya daɗewa. Shi ya sa kuma ba ya da gyara. Mai gyaran da ya ce zai dawo maka da hotunanka bayan formate, a waya mai kulle, kuɗinka yake so.

Ɓarayi ma sun san formate, har sun iya yinsa ba tare da kod ba: a kashe waya, a danne maɓallin kunnawa da na murya tare, sai wata ƙofar baya ta buɗe. Masu ƙera waya sun toshe wannan. Apple ya sa nasa tarkon a 2013, Google ya sa nasa a 2015. In aka goge waya ta ƙofar baya, da ta farka sai ta ce a ba ta tsohon kod, ko adireshin Google na mai ita da kalmarsa ta sirri. In babu, ba ta wucewa daga nan. Tarkon don ɓarawo aka kafa shi, amma na ga ya kama mutanen kirki da yawa. A garinmu mutum yakan sayi waya, yaron shago ya buɗe masa adireshin Google nan take, ya ƙirƙiro kalmar sirri daga kansa, ba wanda ya rubuta ta. Shekara uku bayan haka a nemi yaron a rasa, a nemi kalmar a rasa.

Akwai kuma wayoyin da aka taɓa cikinsu. Waya gida biyu ce. Ɗaya na tsarin da ke tafiyar da ita, wanda masana'anta ta zuba ta rufe. Ɗayan na kayanka. Formate gidan kayanka kawai yake sharewa. Waɗansu gwanaye sukan ɓalle kwadon gidan farko, su sake tsarin, ko su ba kansu ikon da masana'anta ta hana. Ran da aka ɓalle wannan kwado, wayar da kanta take goge kayan mai ita duka, don kada a bi ta nan a sace su. Amma daga ranar, ko sau goma ka yi formate, tsarin da gwanin ya zuba yana nan daram. In ya dasa wani abu mai leƙen asirinka a wannan gida, shi ma yana nan. Sai an haɗa wayar da kwamfuta an sake zuba mata tsarinta na asali, abin da masu gyara ke kira filashe. A wayoyin Samsung akwai ma wata ƴar waya siririya a ciki da ke ƙonewa in aka zuba baƙon tsari. Ba ta gyaruwa, kuma daga nan waɗansu ayyukan tsaro na wayar sun tsaya ke nan. Irin waɗannan wayoyi sukan nuna gargaɗi da turanci duk lokacin da aka kunna su. Ni dai in na ga wannan rubutu a wayar kasuwa, nakan ajiye ta, komin arharta.

Ran da zan ba ƙanwata tsohuwar wayata, yini guda na yi a kanta. Na kwashe hotuna zuwa kwamfutar wani abokina. Na cire sim da katin memori, don formate ba ya taɓa sim, katin ma sau da yawa yakan bar shi da kayansa. Na fitar da adireshina na Google. Sa'an nan na shiga ta ƙofar gaba, na danna kod da hannuna, na ce ta goge. Kafin shayi ya tafasa ta gama.

Wannan duka mai sauƙi ne in mai waya yana da rai. Kawuna ɗan kasuwar albasa ne. Yakan sayo a wajen Galmi ya yi lodi zuwa kudu. Bai yi lakkol ba, saboda haka littafinsa wayarsa ce. Wanda ya karɓi buhu goma bashi, sai kawu ya ɗauki muryarsa a waya: ranar kaza, wane ya karɓi kaza, zai biya bayan kasuwa biyu. Da yatsa yake buɗe ta, har iyalinsa sun manta tana da kod. Ya rasu bayan ciwon kwana uku. Cikin kwanakin zaman makoki batirin wayar ya ƙare. Da aka yi mata caji aka kunna, sai ta ce kod take so.

Waɗanda suke bin kawu bashi sun zo dukansu, aka biya su. Waɗanda kawu yake bi kuwa, mutum biyu kawai muka gani. Sauran suna cikin wayar.

Muka kai ta kasuwa, ni da babban ɗansa. Mai gyaran ya jujjuya ta, ya ce:

— Malam, gaskiya zan faɗa maka. Jika biyu zan yi mata formate, yaro ya samu waya. Amma abin da ke ciki ya tafi ke nan. Kuma in ba ku da adireshin marigayi, za ta iya tsayawa a bakin ƙofa.

— Ba wata dabara? in ji ni.

— In da irin ta da ce, da na tono muku. Wannan kam sai mai ita.

Na gode masa, don wani da ya karɓi kuɗin ya yi shiru. Muka koma gida. Yaron yana son wayar, ba kuwa laifinsa ba ne, shekararsa 17 kuma duk abokansa suna da tasu. Ya ce wa uwarsa:

— Inna, tun da ba ta buɗuwa, me amfanin ajiye ta?

Ta ce:

— Muryar babanka ce a ciki. Ba da hannuna za a jefa ta rijiya ba.

Mun gwada shekarar haihuwarsa, da lambar motar da yake yi wa lodi, da ƙarshen lambar wayarsa. Wayar ta sa mu jira, muka jira, muka sake, ta ƙara mana jiran. Wani abu ya ba ni mamaki a kwanakin nan. In aka kira layin, wayar tana ƙara, amma ba ta nuna sunan mai kira, lamba kawai. Sunayen ma a kulle suke. Matarsa ta shekara ashirin ta kira don ta gwada, wayar ta nuna ta kamar baƙuwa.

Daga baya wata dabara ta zo mana. Saƙon murya yana da gida biyu, wayar wanda ya aika da wayar wanda ya karɓa. Sai muka bi ƴan'uwa da abokan cinikinsa, muna roƙon duk wanda kawu ya taɓa aika wa murya ta WhatsApp ya turo mana. Waɗansu sun riga sun goge, waɗansu sun sake waya. Duk da haka muka tara talatin da ƴan kai. Yawancinsu gaisuwa ce da farashin albasa. A cikin guda yana yi wa direba faɗa a kan ya tsaya a Konni ya kwana. A cikin wata kuma yana tuna wa wani mutum bashin buhu shida. Da aka kunna wa mutumin, bai yi gardama ba, ya biya bayan girbi.

Yaron ya samu wata waya ta hannu daga kuɗin buhunan nan shida. Ta kawu tana cikin kwallar Inna, a naɗe cikin kallabi. Na faɗa mata batirin da aka bari babu wuta wata da watanni yakan mutu, saboda haka duk ran kasuwa takan ba jikanta ya kai ta wurin mai caji. In ta tuna wata lamba da marigayi yake yawan faɗi, sai ta aiko a kira ni in gwada.