Daren da Kwamfutata ta Ƙi Tashi a Ajekoriya

A watan Janairu na je Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro, domin naɗar maganar dattawa saboda kundin digirina na biyu. Abin da nake bi shi ne sawun dokar da Klingenheben ya bayyana a 1928, wato yadda wasu baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka rikiɗe zuwa "u" a Kananci, alhali Hausar yamma ta riƙe su. Inda Bakano zai ce "zauna" da "sauka", tsofaffin da na zauna da su cewa suke "zamna" da "sabka". Cikin mako uku na tara awa 14 na sauti, kowace awa tana cin sama da megabayit 300. Da katin rikodata ya cika, sai na kwashe komai zuwa kwamfuta, na goge katin. Wannan ne wautata ta farko.

Ta biyu kuwa tun daga Yamai na taho da ita. Kwamfutar tsohuwa ce, faifanta mai juyawa ne, Praat da ELAN suna jan ƙafa a kanta. Wani abokin karatu ya sa mini manhajar da ke hanzarta faifai: tana tsayawa tsakanin Windows da faifan, ta riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai daga baya ta rubuta su. Kamar mai shago ne da ke riƙe lissafin bashi a ka, yana cewa zai rubuta da dare. Sauri kam na samu. Amma wannan ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai idan wuta ta yanke.

Wani dare ina tsaka da adana aiki, batirin ya mutu. Washegari, bayan na yi caji wurin mai faranti na hasken rana, na kunna ta, sai shuɗin allo. Ta sake tashi da kanta, shuɗin allo kuma. Matar gidan da ta sauke ni ta ga na ƙi taɓa furar da ta kawo, ta ce, "Ɗana, lahiya?" Na ce, "Inna, muryoyinku ne suka maƙale a cikin akwatin nan." Ta yi dariya, ta ce ai masu muryoyin suna nan da ransu. Ni kuwa na san ɗaya daga cikinsu ta haura shekara tamanin, kuma tari ya fara cin muryarta.

Bayan tashin ya ci tura sau biyu a jere, Windows ta buɗe shafin gyara na kanta. Na gwada abin da allon ya kira "mode sans échec", wanda ke tayar da na'ura da ƴan abubuwan da suka zama dole kawai. Bai yi ba, domin manhajar ta shiga layin direbobin faifai, kuma ana ɗora waɗannan ko a wannan yanayi. A nan hannuna ya kai ga zaɓin mayar da kwamfutar sabuwa fil, na janye shi. Duk wanda bai fitar da aikinsa ba, bai kamata ya taɓa wannan wuri ba, ko da an yi masa alkawarin barin fayilolinsa.

Abin da ya cece ni dabara ce ƙarama. A cikin zaɓuɓɓukan gyaran akwai baƙin allon umarni. Na buɗe shi, na rubuta notepad, na danna wurin buɗe fayil. Tagar da ta fito tana nuna faifan duka, muddin ka sa ta nuna kowane irin fayil. Faifaina ya canza harafi daga C zuwa D, abin da ya tsinka mini zuciya na ɗan lokaci. Na soka kile, na kwafe manyan fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ma'aunin da ke nuna ci gaban aikin ba. Har la'asar ina zaune ina kallon ƴar fitilar kilen tana ƙyaftawa.

Sai da na ƙirga su cif na koma kan gyara. Ban goge direban da hannu ba, domin idan aka cire shi aka bar sunansa a rajistar Windows, na'urar za ta neme shi ta rasa, ta kasa ganin faifan gaba ɗaya. Na yi amfani da zaɓin mayar da tsari zuwa ranar da ta gabaci shigar manhajar, na bi da chkdsk. Ta tashi, da tsohon jan ƙafarta.

Fayil ɗaya ne bai tsira ba: wanda nake adanawa lokacin da batirin ya mutu. Sunansa na nan, cikinsa babu komai. Aikin kwana uku ne na rubuta hirar tsohuwar nan gaɓa-gaɓa. Sautin dai yana nan, don haka bayan sallar isha'i na sa abin saurare a kunne, na koma daƙiƙa ta farko, inda take ba da labarin shekarar da aka yi mata "amre".