Ƙaguwar Matsirga Da 'Yar'uwarta Mai Aron Gida

Baƙon da ya sauka Kafanchan, abin da za a fara nuna masa shi ne tashar jirgin ƙasa, domin ita ce ta raya garin tun shekarar 1927, lokacin da layin dogon Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, wani reshe kuma ya nufi Jos. Yau tashar ta yi sanyi ƙwarai. Amma idan baƙon ya yi tafiya kaɗan zuwa wajen Madakiya, zai tarar da Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake faɗowa daga tsayin wajen mita 30, da ƙugi mai hana mutum jin maganar abokinsa.

A ƙarƙashin duwatsun irin waɗannan rafuka ne ƙaguwa take zaune. Da damina yaran ƙauye sukan ɗaga dutse su kamo ta, suna kaffa-kaffa da hannuwanta masu kama da awartaki. Wata ta ƙare a tukunya, wata kuwa a jefa ta cikin gwangwanin madara a cika da ruwa, wai za a yi kiwo. Ba a cika yin kwana uku ba sai a wayi gari ta sheƙa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙaguwa da irin abin numfashin kifi take shaƙar iska, kuma dole ya zauna da laima. Ruwan gwangwani ba ya gudu, iskar da ke cikinsa ta ƙare nan da nan, ga shi babu tudun da za ta hau ta huta. In kuma aka bar ta a busasshiyar ƙasa, abin numfashin ya bushe. Abin da take so shi ne ruwa kaɗan, da taɓo, da dutsen fakewa, musamman lokacin da za ta yi saɓa, ta tuɓe tsohon ɓawonta ta zauna da jiki lagwai-lagwai har sabo ya yi ƙarfi.

Kada a ga laifin yaran Madakiya su kaɗai. A Amurka manya da kuɗinsu suna yin wannan ɓarna ga wata 'yar'uwarta ta tsibiran Karibiyan, wadda ake sayarwa a kantunan bakin teku don a ajiye a gida. Ita wannan bayanta ba shi da ɓawo, saboda haka sai ta nemi katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari ta shige, tana yawo da ita, in ta yi mata kaɗan ta sake wata. Mai kiwonta sai ya tanadi katantanwa manya da ƙanana, da yashi mai zurfi da danshi inda za ta binne kanta makonni tana saɓa, da kwano biyu, ɗaya na ruwan daɗi ɗaya na ruwan gishirin teku. Laimar iskar akwatinta kuma ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Dabbar da kan iya haura shekara 30 a duniya, sau da yawa 'yan watanni take yi a hannun mai saye. Kusan dukansu daga bakin teku ake kwaso su, don 'ya'yansu sai a cikin teku suke fara girma. Wanda ya kawo irinta Kafanchan da hunturu, ai ya kawo ta makabarta ne.

Ta Matsirga ta fi ta sa'a ta wannan fanni. Ba ruwanta da teku: uwa takan riƙe ƙwanta a ƙarƙashin ciki har su ƙyanƙyashe ƙananan ƙaguwa cikakku, ta ci gaba da ɗauke da su na ɗan lokaci.

Akwai kuma abin da ya kamata iyaye su sani game da wadda ta nufi tukunya. Ƙaguwar rafi kan ɗauki wata tsutsa mai shiga huhun mutum in an ci naman bai dahu ba, ta sa tari mai jini wanda akan ɗauka tarin fuka ne. Likitoci sun ga cutar da yawa a gabashin ƙasar nan bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yunwa ta sa jama'a cin ƙaguwa babu isasshiyar dahuwa. Ɗan babbakar da yara ke yi a bakin rafi ba lallai ya kashe tsutsar ba, sai an tafasa naman ya dahu sarai.