Kyanwa da leda: Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

A ƙasar noma irin tamu ta kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, kyanwa ba dabbar ado ba ce. Ma'aikaciya ce wadda ba a biyanta albashi. Duk gidan da aka jibge buhunan masara ko na shinkafa bayan kaka, ita ce mai gadin da ke hana ɓeraye sakewa. Don haka idan na ce leda na kashe mana kyanwoyi, kada mai karatu ya ɗauka zancen 'yan boko ne da suka rasa abin rubutawa. Magana ce ta abincin gida, kuma magana ce ta amana.

Mutane da dama kan yi mamakin abin da ke kai kyanwa ga tauna leda, har wasu su ce kwaɗayi ne ya yi mata yawa. Dalilin a fili yake. Hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ledar da muke yarwa ba wofi take ba: ko dai ta tsire ce, ko ta soyayyen kifi, ko ta awara, ko ta ɗanyen naman da aka sayo a kasuwa. Maiƙo da ƙamshi na nan manne da ita. Ga kuma ƙarar da take yi idan iska ta motsa ta, wadda ke kama da motsin ɓera cikin busasshen ganye. Sannan harshen kyanwa na da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar maƙogwaro, shi ya sa abin da ya maƙale a kansa ya fi sauƙin haɗiyewa a kan tofarwa.

Ciki kuwa ba ya narkar da leda. Ƙaramin yanki na iya fita da kashi, amma babba ko mai tsawo yakan toshe hanji. Na ga haka da idona a gidan gwaggona, a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore. Kyanwar da ta shekara biyar tana tsare mata ɗakin hatsi ta wayi gari tana amai, ta ƙi abinci, ta daina kashi, ta koma ƙarƙashin gado ta lafe. Maƙwabta suka ce guba aka ba ta, wasu suka ce sammu ne ya faɗa kanta. Sai da ta mutu aka ga zaren baƙar leda na leƙowa daga bayanta. A daminar shekarar, ɓeraye suka huda buhu uku. Gwaggo ba ta yi zancen buhunan ba, abin da ta riƙa maimaita mini shi ne, "Ɗana, kwana huɗu tana wahala, ba ta da bakin faɗa."

Kyanwa ce muke gani domin tana cikin gida, amma ba ita kaɗai ba ce. A tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin shanu da awaki: dunƙulen leda da ya cuɗe da igiya da tsumma. Dabba ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure, mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Fulanin da ke kiwo a kewayen Falgore sun san wannan asara. Ledar da matafiyi ya wurgo ta tagar mota a hanyar Kano zuwa Jos, ko dai saniya ta lashe ta, ko ruwan sama ya kwashe ta zuwa Kogin Kano, wanda ya ratsa dajin ya zube a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002, Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya kuma a 2017. A nan gida, Jihar Legas ta hana amfani da farar robar zuba abinci ta yi-ka-yar a farkon 2024. Doka na da amfaninta, sai dai ba gwamnati ce za ta shigo madafinmu ta ɗauke ledar kifi daga ƙasa ba. Wannan aikin mai gida ne da uwargida.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Ledar da ta taɓa abinci a ƙulle ta a jefa cikin mazubin shara mai murfi, kada a bar ta a tsakar gida. Wadda za a sake amfani da ita a ɓoye ta a cikin kwano rufaffe ko a durowa. A riƙa ba kyanwa abinci da ruwa a kan kari, domin mai yunwa ce ke tonon bola. Duka ba ya koya mata komai sai tsoron mutum. Idan ta fara amai, ta ƙi ci, ta daina kashi, a garzaya wurin likitan dabbobi maimakon a ɗura mata manja ko kanwa. Idan kuma aka ga leda ko zare na leƙowa daga bakinta ko bayanta, kada a ja, domin ja na iya yanka hanji.

Sama da duka, mu rage karɓar ledar tun daga kasuwa. Iyayenmu sun yi cefane da kwando, sun sayi fura a ƙwarya, sun naɗe goro a ganyen fita, ba su ji kunya ba. Addininmu ya sanar da mu cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta, har da nauyin abin da ya zubar a gabanta. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.