Ƙofar da ruwa ke fita, ta nan ƙazanta ke shiga

Mai karatu, idan kana zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, ka san yadda ruwa ke isowa gidajenmu da yawa: siririn bututun roba ne ya biyo gefen kwata, wani wurin ma a cikinta yake kwance, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Ido ya saba da shi har mun daina ganinsa. Da yawa cikinmu asarar ruwa kawai muke hange idan bututu na yoyo, alhali lafiyar yaranmu ce ke zuba.

Ga yadda abin yake. Muddin bututu na cike, ƙarfin ruwa waje yake turawa, shi ya sa kake ganin yana tsartuwa ta inda ya tsage. To amma ruwan famfo zuwa yake yana ɗaukewa, injin burtsatse ma sai da wuta. Da zarar bututun ya zama wayam, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar. In a kwata yake kwance, ruwan kwata zai sha, kuma ranar da ruwa ya dawo shi zai fara korowa cikin bokitin uwargida. Ruwa na iya barin matatar Iju ko ta Adiyan da tsabtarsa, ya gurɓace saura taku goma ya shiga gidanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kwalara da taifot duk wannan hanya suke bi, wato bayan gidan mai ciwo ya haɗu da ruwan sha ko abinci. Ba ka manta ba, a watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Legas ta sanar da ɓarkewar kwalara, daidai lokacin da damina ta kankama, kwatoci suka cika suka shafe bututai.

A wani gidan haya da na taɓa zama, maƙwabciyarmu na da yara uku, kuma wata ba ya ƙarewa sai an kai ɗaya asibiti da zazzaɓi ko gudawa. Mace ce mai tsabta, har aka fara raɗe-raɗin ko sammu ne. Da bangon banɗaki ya jiƙe aka kira mai gyaran famfo, ya tona ya tarar bututun ruwan sha ya tsage, kamu ɗaya tsakaninsa da na masai, shi ma yana yoyo. Aka sauya wa bututun hanya, zaryar asibiti ta ragu.

Akwai gyaran da ba ya buƙatar kowa. Kan famfo mai ɗiga galibi robar cikinsa ce ta cinye, sai ka rufe ruwa ka sauya ta. Kada ka raina shi: ɗigo ɗaya kowane daƙiƙa ya haura lita 10,000 a shekara, wato jarka 400 masu lita 25. Ka lissafa da farashin mai ruwa na unguwarku. Masai na zamani kuma, zuba bula a tankinsa ka jira minti 20 ba tare da ka kora ba. In shuɗi ya bayyana a ƙasa, robar ciki ta mutu.

Amma akwai alamomin da ke cewa a kira masani. Cika tankin sama da dare, ka rufe duk famfunan gida, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya. In da safe ya sauka, akwai yoyon da ba ka gani, a bango ko a ƙarƙashin ƙasa. Haka nan idan fenti na kumbura, ko wani gefen bango ba ya bushewa ko da rani. Idan ruwa na zuwa da wari ko duhu bayan an yi ruwan sama, wani wuri a hanya ya buɗe. Idan masai da wurin wanka da na wanke-wanke suka daina janye ruwa a lokaci guda, suna ƙugi, babban bututu ne ya toshe ko sokawe ya cika. Kada a tura yaro ko lebura cikin ramin, iskar da ke taruwa a ciki na kashe mutum kafin ya yi ihu. In kuwa famfo na jan hannu kamar wuta, a kashe injin ruwa da hita nan take, kowa ya nisanta har mai aikin lantarki ya zo.

Wani lokaci kuma faci ya daina amfani, sai sauyi. Bututun ƙarfe irin na da yakan yi shekara 40 zuwa 50, kuma daga ciki yake tsatsa. Gidajen zamanin Festac na 1977 da na Jakande na 1979 zuwa 1983 duk sun kai wannan shekaru. In har yanzu ƙarfen ne a gidanku, ruwan farko na safe ja ne, ƙarfinsa kullum raguwa yake, to ya gama aikinsa. A ganina, layin da aka yi wa faci sau uku cikin shekara guda a cire shi gaba ɗaya, a sa sabo, a kuma fitar da shi daga kwata. Masu rijiya ko burtsatse su tuna shawarar masana lafiyar muhalli ta barin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fili mai ƙafa 60 da 120 da ƙyar yake ba da wannan tazara, balle a haɗa da sokawen maƙwabta, don haka sokawen da ya tsage ba abin a jira ƙarshen wata ba ne.

Na san za ka ce gidan haya kake. Tara sauran 'yan haya ku je wa mai gidan tare, da hoto a waya. In ya ce ku gyara a cire daga kuɗin haya, a rubuta a sa hannu. Shi kuma mai gyara, ya nuna maka matsalar da idonka, ku sayo kaya tare, kuma a saki ruwa a gwada kafin a rufe bango da siminti. Araha ba ta ado.

Kafin a yi gyaran, uwargida ta riƙa tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Yaron da ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a wuce asibiti ba jira.

A ƙarshen makon nan, ka bi bututun gidanku da ƙafa, daga bakin titi har tanki, ka ga inda ya kwana. Allah Ya ƙara mana lafiya.