Mai Tsintar Itace a Bakin Falgore

Motarmu ta lalace a gefen Dajin Falgore, kan hanyar Kano zuwa Jos, cikin hunturu. Muna jiran bakanike sai na hango wata dattijuwa tana tsintar busassun rassan da iska ta kayar. A idona, itacen da ba ganye duk ɗaya ne.

Na gaishe ta, na ce, "Inna, yaya kike bambance su?"

Ta miƙo mini wani guntu, nauyinsa ya ba ni mamaki. "Kirya ce, ɗana. Dubi jan cikinta. Garwashinta kan kwana, shi ya sa maƙera ke sonta." Marke da ɓawonsa take gane shi, toka-toka mai dabbare-dabbare. Maɗaci kuwa sai ta ɗanɗana. Reshen kuka ko kallonsa ba ta yi ba, wai ba ya riƙe wuta. Na tsamiya ta tsallake shi. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Guntun kiryar nan shi kaɗai ta samu tun hantsi. Masu gawayi sun riga ta, su kuwa ba sa jiran itace ya faɗi. Buhunansu na jere a bakin titin har muka tashi.