Shekarar da Aka Janye Motar Cibiya

Aikina na farko a Ingila rakiyar mota ne. Ƙaramar hukumar wani gari a arewacin ƙasar tana da ƙananan bas masu na'urar ɗaga keken guragu. Kowace safiya mukan bi gida-gida mu kwashi manya masu lalurar ƙwaƙwalwa da tsofaffin da mantuwa ta kama, mu kai su cibiyar da suke yini, da la'asar mu mayar da su. Ni ke ɗaura musu bel, ni ke ɗaure keke da ƙasan mota. Na san wanda hayaniya ke firgitawa, na san wanda ba ya sauka sai an kira sunansa a hankali.

Tun 2010 gwamnatin tsakiya take datse kason ƙananan hukumomi, don haka ba mu yi mamaki ba da takardar neman ra'ayi ta iso gidaje. Za a ƙara kuɗin kowace tafiya. Mai iya koyon hawa bas na gari za a koya masa. Wanda kuma yake karɓar kason zirga-zirga na tallafin naƙasassu na PIP, ko ya musanya shi da mota a shirin Motability, shi zai riƙa kai kansa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi yi wa mutane ciwo. Dokar kula da manya ta 2014 ta ce a auna ƙarfin aljihun mutum kafin a caje shi: mai ajiyar da ta haura fam 23,250 zai biya duka, kuma ba a lissafa kason zirga-zirga cikin kuɗin shigarsa. Hukuma ba ta lissafa shi ba kuwa, sai dai ta ce ai ga mota nan a ƙofar gida. To wa zai tuƙa? Akasarin waɗanda nake rakiya ba su taɓa riƙe sitiyari ba, ba kuma za su riƙe ba.

Akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke Hausa da ita a bakin ƙofa, ɗanta ya ba arba'in baya amma ko wanka sai an yi masa. Ta riƙe takardar ta ce, "Ɗiyata, sa'o'in da yake can su ne kaɗai nake runtsawa, nake zuwa asibitina. Yanzu in kai shi, in dawo, in sake komawa?" Na ce, "Hajiya, ki nemi a zo a duba naki halin, doka ta ba mai jinya wannan haƙƙi." Ta nema, ta yi ta sintiri, daga baya aka maido wa ɗanta da motar a wasu ranakun. Iyalan da ba su sami mai faɗa musu ba, haƙuri suka yi.

Koyon hawa bas ya amfani wasu ƙwarai. Na ga matashiyar da ta fara zuwa ita kaɗai, tana ɗaga katinta tana murna. Amma katin kyauta na naƙasassu a garinmu ba ya aiki a ranakun mako sai ƙarfe tara da rabi, lokacin da cibiya ta riga ta fara harkokinta, ga shi wurin keke ɗaya ne a bas, in wani ya riga ka sai ka jira na baya cikin sanyi.

Ba wanda aka kora daga cibiyar. Wannan ya rage ranakunsa saboda kuɗi, wancan uwarsa ta gaza, kujeru suka fara zama wayam. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne yadda aka ƙirga kujerun nan aka ce buƙata ta ragu, aka haɗe cibiyarmu da wata a ɗaya gefen gari. Ni kuma aka mayar da ni aikin bi gida-gida, inda na riƙa tarar da mutanen da nake ɗauka a da, zaune gaban talabijin, an ware mini rabin awa a kan kowannensu.